"MALAM, YA HALATTA?" TAMBAYAR DA NA ƘI AMSAWA DA KALMA ƊAYA



'Yan uwa, makonni uku da suka wuce, bayan sallar isha'i, wani matashi ya tare ni a ƙofar masallacin unguwarmu a nan Tudun Jukun. Na san shi tun yana ɗan Islamiyya. Na san mahaifinsa ma fiye da shi, tela ne da ya shekara talatin da wani abu a kan keke, da yawa daga cikinmu kayan sallarmu na yarinta daga hannunsa suka fito. Bara, gab da azumi, ya tashi da asuba zai yi alwala sai buta ta suɓuce masa, baki ya karkace. Tun daga wannan rana ɓarin jikinsa na dama bai dawo ba. Magana tana fita, amma da ƙyar.

Yaron ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na wani tsoho a keken guragu, aka nuna ana yi masa allura, sai ga shi yana takawa yana murmushi. Ya ce wani dillali ne ya turo musu, akwai asibiti a ƙasar waje da ke wannan aikin, kuma kuɗin da aka yanka musu ba za su samu ba sai an sayar da gonar Baba ta hanyar Giwa. Sai ya ce, "Malam, tambayata ɗaya ce. Wannan magani na ƙwayoyin tushe, sitem sel ɗin nan, ya halatta a Musulunci? In dai ya halatta, mun riga mun samu mai sayen gonar."

Na san amsar tambayar kamar yadda ya yi ta. Amma na ce masa ya ba ni kwana biyu. Na ga fuskarsa ta canza, wataƙila ya ɗauka ban sani ba ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne na lura kalmar "halal" ɗin da yake nema a bakina za ta zama sa hannu a takardar cinikin gona.

Bari in fara da bayanin abin, don da yawa suna jin sunan ba su san mene ne ba. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kowace da aikinta: ta fata, ta jini, ta ƙwaƙwalwa. A cikinsu akwai wasu da ba su riga sun zaɓi sana'a ba, suna iya haihuwar irinsu, suna kuma iya rikiɗa su zama wani nau'in. Su ake kira ƙwayoyin tushe. Ana samunsu a ɓargon ƙashi, da kitse, da jinin cibiyar jariri, da mabiyiya, da kuma ɗan tayi a kwanakinsa na farko. A 2006 wani likitan Japan, Shinya Yamanaka, ya nuna ana iya ɗaukar ƙwayar da ta riga ta girma a mayar da ita ta tushe, abin da ya jawo masa kyautar Nobel a 2012. Shi kuma shanyewar ɓarin jiki, asalinsa a ƙwaƙwalwa yake, hannu da ƙafa sakamako kawai suke nunawa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe, sashen ya mutu. To fatan masu bincike shi ne a kai waɗannan ƙwayoyi wurin da ya lalace, ko su maye gurbi, ko su zaburar da na kusa su ɗauki aikin. Tunani ne mai kyau, ba tatsuniya ba ne.

Ta fuskar Shari'a kuwa malamai sun riga sun zauna a kai. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na 17 a Makka cikin Shawwal 1424, wato Disamban 2003, ta halatta amfani da ƙwayoyin tushe don magani ko bincike idan tushensu halal ne: daga baligi da yardarsa, daga yaro da izinin waliyyinsa ba tare da cutar da shi ba, daga mabiyiya da cibiya da izinin iyaye, daga cikin da ya zube da kansa, da rarar ƙwan da ma'aurata suka bari bayan dashen ciki idan sun bayar. Ta haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba da uzurin Shari'a ba, da wanda aka haɗa ƙwan wata da maniyyin wani musamman don a samu ƙwayoyin. Tun kafin nan, a zama na 15 a 1998, majalisar ta halatta gyaran ƙwayoyin gado don rigakafi ko magani, da sharaɗin kada a jawo cutar da ta fi wadda ake gudu.

Kun ga ke nan da na ce masa "ya halatta" ban yi ƙarya ba. Kuma wallahi da na cuce shi.

Ga dalili. Halal hukunci ne a kan asalin abu da hanyar samunsa. Ba shaida ba ce cewa abin yana aiki. Ruwan rijiya halal ne, amma wanda ya ɗura shi a kwalba ya sayar maka a matsayin maganin ciwon ƙoda ya ci haram, kai kuma da ka saya ka yi asara. Mutanenmu sun saba su zo wurin malami da tambaya ɗaya, su tafi da amsar tambayoyi uku. Sun tambayi halacci, sun tafi da tabbacin cewa maganin gaskiya ne, kuma ya cancanci a sayar da gona dominsa. Mu ma masu amsawa muna da laifi, don amsa gajeriya ta fi sauƙi, ta kuma fi sa a ce Malam akwai ilimi.

A cikin kwana biyun nan na zauna da wani likita abokina, na kuma karanta abin da na iya. Ga abin da na samu.

A 2016 likitocin Jami'ar Stanford a Amurka, ƙarƙashin Gary Steinberg, sun wallafa gwajin da suka yi wa mutum 18 da suka daɗe da shanyewar jiki. An huda ƙoƙon kai aka zuba musu ƙwayoyin da aka samo daga ɓargon wasu. Wasunsu sun samu sauƙi na ban mamaki, jaridun duniya suka ɗauka. Irin wannan labari ne har yau yake yawo a wayoyinmu. Abin da ba ya yawo shi ne ci gabansa. Kamfanin SanBio mai ƙwayoyin ya sake gwaji babba da mutum 163, wannan karon aka raba su, wasu aka zuba musu, wasu aka yi musu kamar an yi ba a zuba komai ba, don a gane ko sauƙin daga ƙwayoyin yake. A Janairun 2019 kamfanin da kansa ya sanar cewa gwajin bai cimma abin da aka sa gaba ba. Wani kamfanin Amurka, Athersys, ya bi ta wata hanyar, yana ɗura ƙwayoyin ta jijiya a kwanakin farko na ciwon. An gwada a Japan da mutum 206, ba a ga bambancin da ake nema ba. A ƙarshen 2023 babban gwajinsa ma ya nuna ba alamar nasara, a Janairun 2024 kamfanin ya shelanta karyewa. Waɗannan fa mutane ne masu dakunan bincike da biliyoyin kuɗi, kuma su ne suka fi kowa son abin ya yi aiki.

Har yanzu ana bincike, kuma ina roƙon Allah ya sa a dace. Amma a yau wannan aikin gwaji ne, bai zama magani tabbatacce na shanyewar jiki ba. Na gyaran ƙwayoyin gado don farfaɗo da ƙwaƙwalwar da ta shanye ma ya fi nisa, yawancinsa a kan ɓeraye ake yi. Kuma a al'adar bincike na gaskiya, wanda ake gwaji a kansa ba a cajinsa miliyoyi. Idan ka ji an ce gwaji ne kuma kai za ka biya, to ka tsaya ka sake tunani.

To bidiyon fa? Likitan ya ce mini abin da ban taɓa lura da shi ba. Mafi yawan sauƙin da mai shanyewar jiki yake samu yana zuwa ne a watanni uku zuwa shida na farko, da ikon Allah, ko an yi allura ko ba a yi ba, musamman in ana motsa gaɓoɓin. Wanda aka yi wa allura a wata na biyu ya taka a wata na huɗu, allurar za a yaba. Sannan mai talla mutum ɗayan da ya tashi zai nuna maka. Waɗanda suka dawo yadda suka tafi, ba gona ba lafiya, babu mai ɗaukarsu a bidiyo.

Akwai ma wanda ya dawo da abin da ya fi. Wani lauya Ba'amurke mai suna Jim Gass ya samu shanyewar jiki a 2009. Mai kuɗi ne, mai ilimi. Ya je Meziko da Sin da Ajantina ana yi masa allurar ƙwayoyin tushe, ya kashe kusan dala dubu 300. Daga baya bayansa ya fara ciwo, ƙafar da take da lafiya ma ta daina aiki. Da likitoci a Boston suka buɗe, sai suka tarar da ƙari ya cika wani sashe na lakarsa, kuma da aka auna, ƙwayoyin ƙarin ba na jikinsa ba ne, na wani mutum ne daban. An wallafa labarin a 2016, shi da kansa ya yarda a faɗi sunansa don wasu su ji. Abu mai iya girma ya zama komai, yana iya girma ya zama abin da ba a so.

Wannan na masu fasfo ke nan. Mu talakawa namu kason ya iso har gida: garin nan da ake sayarwa a 'yan ƙananan leda, a ce ka zuba a ƙarƙashin harshe, wai ƙwayoyin tushe ne na tuffa ko inabi, yana maganin shanyewar jiki da ciwon suga da rashin haihuwa da komai da komai. Ɗan uwa, ƙwayar itace ba ta zama ƙwaƙwalwar mutum. Abin da ya fi ba ni takaici, masu tallarsa a cikinmu suke, da salati suke buɗe taro, wani ma har ya ce an tambayi malamai sun ce halal ne. Ga irin amfanin da ake yi da kalmarmu. Na ji labarin waɗanda suka ajiye maganin hawan jininsu saboda wannan garin. Wanda ya sa mutum ya yi haka don ya samu kamasho, ya shirya amsar da zai ba Allah.

A nan ne na koma ga wani rabo da Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi a babin tawakkali na Ihya'u. Ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku. Akwai tabbatacce, kamar ruwa ga mai ƙishi. Akwai wanda ake kyautata zaton amfaninsa, kamar magungunan da likitoci suka jarraba. Akwai kuma wanda amfaninsa wahami ne kawai, ana tsammani ba hujja. Na farko barinsa ba tawakkali ba ne, idan ana tsoron halaka ma haramun ne. Na biyu yinsa ba ya karo da tawakkali. Na uku kuwa, bin sa da zurfafawa a cikinsa shi ne yake nuna zuciya ta rataya ga sababi ta manta da Mai sababin. Misalan maganin zamaninsa sun canza, ma'aunin bai canza ba.

Da na ɗora halinmu a kan wannan ma'auni sai na ji kunya, don mun kifa shi. Wanda yake kusa da tabbas shi muka fi rainawa. An yi wani babban bincike a Najeriya da Gana ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya yana cikin cibiyoyin da aka yi shi. An kwatanta masu shanyewar jiki 2,118 da masu lafiya adadinsu, aka wallafa a 2018. Sakamakon ya nuna wajen kashi 90 cikin 100 na ciwon a wurinmu yana da alaƙa da hawan jini. Ba jifa ba, ba shafar aljanu ba. Binciken ya kuma nuna yawan cin ganye yana ragewa, yawan gishiri yana ƙarawa. Zogale da rama da alayyahu, ga su nan a kasuwar Tudun Wada. Awon jini minti biyu ne a kemis. Amma mutum zai shekara goma bai auna ba, in an ba shi magani ya sha na sati biyu ya ce ya warke.

Haka ranar da abin ya faru. Akwai allurar narkar da gudan jini da ake yi cikin awa huɗu da rabi na farko, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce ba fashewa ba. Ko ba a samu wannan ba, isa asibiti da wuri yana ceton abu mai yawa. Daga Tudun Jukun zuwa Shika ba tafiyar awa guda ba ce. Amma mu sai a kwantar da mutum a ɗaki, a kira mai ruƙiyya, a shafa man kaza, a jira a ga yadda za ta kaya, sai bayan kwana uku a nemi mota. Ban hana addu'a ba, ni ne ma zan fara yi. A yi ta a cikin mota ana tafiya. Shi wannan bawan Allah tela, kwana biyu ya yi a gida.

Kada wani ya fahimci cewa ina ƙyamar wannan ilimi. Akwai inda ƙwayoyin tushe suka tabbata. Dashen ɓargo shekaru da yawa ana yinsa, yana warkar da sikila, kuma an fara yinsa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin tushen jinin mai sikila, a gyara ƙwayar gado a cikinsu, a mayar masa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila, kuma sikila tana cikin manyan abubuwan da ke shanye jikin yara ƙanana. Sai dai farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A gefe guda, likitoci a asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da Barau Dikko na Kaduna sun gwada yara 220 masu sikila waɗanda awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗari, suka ba su ƙwayar haidiroksiyuriya kullum, sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ko ƙaramin awo nata yana kare su. Ƙwaya ce da ake samu a garin nan. Iyaye nawa ne suka san ana wannan awon?

Duk wannan na shirya zan faɗa wa yaron, kuma na faɗa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce abin da ya hana ni barci. Ya ce, "Malam, na ji. Amma tun da Baba ya ga bidiyon nan ya fara cin abinci. Da ba ya ci. Yanzu in je in ce masa me?"

Wannan tambaya ta fi ta farko nauyi, kuma ba ta cikin fatawar Makka. An umarce mu idan mun je gaida marar lafiya mu ƙarfafa masa zuciya. Fata kanta wani abinci ne. Sannan gonar tasa ce, da guminsa ya saya, hankalinsa kuma garau yake. Shari'a ba ta hana mutum kashe dukiyarsa a neman lafiyarsa ba, kuma magada ba su da haƙƙi a cikinta yana raye. Na tuna da nasihar da aka yi wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a kan barin magada cikin wadata, amma wannan a kan wasiyya ce, ba zan ja ta da ƙarfi in kai ta inda ba ta je ba. Wane ne ni da zan ce wa mutum ya haƙura da hannunsa, ni da nawa biyun suke aiki?

Inda na tsaya shi ne nan. Haƙƙinsa ne ya zaɓa, amma zaɓi ba ya zama zaɓi sai an san abin da ake zaɓa. In muka ɓoye masa labarin mutum 163 muka bar shi da na bidiyo, ba mu girmama shi ba, mun taya dillali aiki ne. Kuma fatan da aka gina a kan ƙarya bashi ne, ranar biya tana zuwa: ranar da zai sauka a filin jirgin Kano a kan keken da ya tafi da shi, ga matarsa da 'yan mata biyu da ba a aurar ba, ga gonar da ake ci daga ita ta zama ta wani. A ranar me zai sa ya ci abinci?

Na ce wa yaron ba shi zai faɗa ba, ni zan je.

Na same shi a zaure a kan tabarma, an jingina shi da filo. Na ce, "Baba, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" Ya amsa a hankali. Na faɗa masa komai yadda na faɗa muku, ban rage ba, har da cewa a Shari'a abin halal ne, kuma in ya ce sai ya tafi babu mai cewa ya yi zunubi. Na faɗa masa kuma abin da likitan ya ce, cewa ko bayan shekara gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi kullum suna iya ƙara wani abu, ba lallai hannun ya koma kan keke ba, amma yana iya kaiwa ga riƙe cokali da zuwa banɗaki da sanda, kuma shan maganin hawan jini shi ne katangar da ke tsakaninsa da bugu na biyu.

Ya daɗe bai ce komai ba. Hawaye ya zubo ta ido ɗaya. Sannan ya ce, da wannan harshen nasa mai nauyi, "Malam, da ka bar ni da mafarkina."

Ban samu abin cewa ba. Har yanzu ban tabbata ranar na yi masa daɗi ko na ƙara masa ciwo ba. Abin da na tabbata da shi kawai, da na ce "halal ne" na juya na tafi, da ba zan iya haɗa ido da matarsa ba bayan wata shida.

Ba a sayar da gonar ba, zuwa yau dai. Dillalin yana ta kira, ya ma rage farashi. Babban ɗan yana goyon bayan a tafi, ƙaramin da ya zo wurina ya ja baya, gidan ba daɗi. Shi Baban ya yarda ana kai shi gashi sau biyu a mako, wani maƙwabci mai Keke Napep yana kai su ba ya karɓar ko sisi. Jiya da na leƙa na tarar an sa masa tsohon almakashinsa a hannun daman, yana ƙoƙarin matse shi. Bai matsu ba. Da ya gan ni bai yi murmushi ba, amma ya nuna mini gefen tabarma in zauna.

Wanda ya karanta ya sa shi a addu'a, da sauran marasa lafiyarmu na gida da na asibiti. Wallahu a'alam.